Yadda Ake Gano Kuskure a Awon Ɓacewar Fakiti Yayin Gwajin Hanyar Sadarwa

Duk wanda ya daɗe yana kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta ya san babu adadin da ke saurin tayar da hankali kamar wanda ke nuna fakitoci, wato ƙananan ƙunshin bayanai da ake turawa a layi, suna ɓacewa. Da zarar manhajar gwaji ta ce kashi 5 cikin 100 sun salwanta, sai a shiga zargin kebul, ko rauta mai zaɓar wa fakitoci hanya, ko kamfanin da ke ba da layi, alhali sau da yawa layin lafiyarsa ƙalau, awon ne ya karkace. Manhajar gwaji ba ta ganin inda fakiti ya faɗi. Iyakar saninta ƙidaya biyu ce: nawa aka tura, nawa kuma suka iso cikin wa'adin da aka ɗiba. Giɓin da ke tsakani shi take kira asara, ko da fakitin ya iso a makare ne, ko ya kawo har ƙofar kwamfutar da ke karɓa ita ta zubar da shi, ko ma bai taɓa fita daga kwamfutar da ke turawa ba.

Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya gefen, wato awo ya ce babu asara alhali akwai, kuma wannan ya fi cutarwa. Lissafin da Matthew Mathis da abokan aikinsa suka wallafa a 1997 ya nuna cewa gudun TCP na gargajiya, wato ƙa'idar aika bayanai mai sake tura abin da ya ɓace, yana raguwa gwargwadon nisan tafiya da yawan asara. A layin da zuwa da dawowa ke cin milisakan 100, ɓacewar fakiti 1 kacal cikin 10,000 ta isa ta tsayar da haɗi guda a wajen megabit 14 a daƙiƙa, ko da layin na gigabit ne. Asarar da ta kai wannan ƙanƙanta ba ta bayyana a gwajin gaggawa, amma masu amfani da layin suna jin ta a jikinsu.

Mataki na 1: Fayyace abin da manhajarka take kira ɓatacce

Kafin ka taɓa kowace na'ura, gano ma'anar da manhajar ta bai wa asara. Ƙa'idar IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, ta awon asara a hanya ɗaya, wato takarda mai lamba RFC 2680 ta 1999 wadda RFC 7680 ta maye gurbinta a 2016, ta wajabta a ɗibi wa'adin jira kuma a bayyana shi tare da sakamako, domin fakitin da ya iso bayan wa'adi ɓatacce ne a lissafi. Umarnin ping na Windows, wanda ke tura fakiti ya saurari amsa, yana jiran daƙiƙa 4 kafin ya yanke ƙauna, amma manhajojin sa ido da yawa ana saita su da wa'adin da bai kai haka ba. Idan layi ya cunkushe har jerin gwano ya yi tsawo a cikin rauta, jinkiri sai ya shigo rahoto da sunan asara. Ninka wa'adin ka sake gwadawa. In adadin ya faɗi, matsalarka jinkiri ce, kuma maganinta dabam ne.

Sai ka duba yadda manhajar take ɗaukar fakitin da ya zo ba bisa jeri ba. Manhajar da aka rubuta da sakaci, in ta ga lamba 7 bayan lamba 5, nan take za ta rubuta cewa 6 ya ɓace, ba ta kuma gyarawa idan ya biyo baya. Ita iperf3, manhajar gwajin gudun layi tsakanin kwamfutoci biyu, tana ware irin waɗannan a ƙidaya ta dabam, don haka ka nemi layin da ke faɗin su. Akwai kuma ƙaramin abu da ke ruɗar sababbin hannu: idan ka katse ping da hannu yayin da fakitin ƙarshe ke kan hanya, za a lissafa shi cikin ɓatattu.

Abu na uku, ping yana auna zuwa da dawowa ne a haɗe. In amsa ba ta zo ba, ba za ka san ko tambayar ce ta ɓace ko amsar ba, ga shi kuma a intanet hanyar zuwa ba lallai ta zama hanyar dawowa ba. Don raba su, yi gwajin iperf3 sau biyu, na biyun da zaɓin -R wanda ke juya akalar turawa, ko ka yi amfani da OWAMP, ƙa'idar awon hanya ɗaya ta RFC 4656, ko TWAMP ta RFC 5357.

Mataki na 2: Tabbatar fakitocin gwajin sun isa a kafa hujja da su

Fakiti 4 da ping na Windows ke turawa ba awo ba ne, gaisuwa ce kawai don a ji ko ɗaya ɓangaren yana raye. Ɗaya ya faɗi, rahoto ya ce kashi 25. Ko a fakiti 100, mafi ƙanƙantar asarar da za ka iya gani kashi 1 ce. Masana ƙididdiga suna da ƙa'ida mai sauƙi a nan: idan ka tura fakitoci ba ko ɗaya da ya ɓace, raba 3 da yawansu, abin da ya fito shi ne iyakar asarar da har yanzu za ta iya ɓuya maka, a matakin tabbaci na kashi 95. Fakiti 100 ba asara na nufin mai yiwuwa akwai har kashi 3. Kafin ka iya cewa asara ba ta kai 1 cikin 1,000 ba, sai ka tura aƙalla 3,000 duka sun isa. A Linux, ping -c 3000 -i 0.2 zai yi maka wannan cikin minti 10.

Wannan lissafi ma ya ɗauka kowane fakiti yana faɗuwa ne shi kaɗai, alhali a zahiri asara takan zo a dunƙule, fakiti ashirin a jere sannan shiru na tsawon lokaci. Saboda haka ka maimaita gwajin a lokuta dabam-dabam na yini, musamman lokacin da masu ƙorafi suka ce abin yana faruwa. Ka kuma yi hattara da tazarar da ba ta sauyawa: in kana turawa kowace daƙiƙa cif, wani abu kuma yana aukuwa a layin kowace daƙiƙa, to ko dai ka yi ta cin karo da shi kullum ko ka yi ta kuskure shi kullum. Shi ya sa RFC 2330 ta 1998 ta ba da shawarar a riƙa sassaɓa tazarar bisa tsarin Poisson, wato tazarar da ba a iya hasashenta.

Ka jefar da daƙiƙun farko. Fakitin farko yakan faɗi ne yayin da rauta ke neman adireshin katin maƙwabciyarta ta hanyar ƙa'idar ARP, kuma a layin wayar salula rediyo yakan ɗauki lokaci kafin ya farka daga hutu.

Mataki na 3: Kada ka yarda da asarar da ta tsaya a zango ɗaya

A ganina nan ne aka fi yi wa layuka ƙazafi. Mike Muuss ya rubuta ping a 1983, Van Jacobson ya rubuta traceroute a 1987, manhajar mtr kuma ta haɗa aikin biyun, tana nuna kowane zango, wato kowace rauta da fakiti ke ratsawa, da kason asararsa. Mutum sai ya ga zango na biyar yana nuna kashi 60, ya ɗauki hoton allo ya aika wa kamfanin layi. Amma ka lura da yadda adadin yake samuwa. Manhajar tana tura fakiti mai gajeren wa'adin rayuwa, wato TTL, domin ya ƙare a kan wata rauta, ita kuma ta ƙirƙiro saƙon ICMP, wato sanarwar da na'urorin sadarwa ke aika wa juna, ta mayar. Wuce da fakitin wasu aiki ne da manyan rautoci ke yi a keɓaɓɓun guntayen lantarki cikin tsananin sauri, amma ƙirƙiro amsa aikin furosesar rautar ce, wadda ke da ayyukan da suka fi wannan muhimmanci. Don haka kusan duk masu ƙera rauta da masu gudanar da ita suna ƙayyade yawan amsoshin da za ta bayar. Rauta za ta iya yin biris da rabin tambayoyinka tana kuma wuce da kayan jama'a ba tare da ta zubar da ko ɗaya ba.

Yadda ake karanta jadawalin shi ne daga ƙasa zuwa sama. Fara da zangon ƙarshe. In ya nuna sifili, duk abin da ka gani a tsakiya rowar amsa ce, domin fakitocin da suka isa ƙarshe ta cikin waɗancan rautocin suka ratsa. Asara ta gaske takan fara a wani zango ta kuma bi dukkan zangunan da ke bayansa har ƙarshe, da kaso mai kama da juna. Ko a nan ma da sauran taka-tsantsan, tunda amsar kowane zango tana da tata hanyar dawowa da jadawalin ba ya nunawa, sai an gudanar da mtr daga ɗaya ɓangaren kafin a ɗora laifi.

Hanya mai sauƙi ta kama ƙayyadewa ita ce sauya saurin tambaya. A Linux, saitin net.ipv4.icmp_ratelimit yana zuwa da milisakan 1000, wato kusan amsa ɗaya a daƙiƙa ga kowane mai tambaya a nau'o'in saƙon da suka haɗa da ƙarewar TTL. In ka tambayi irin wannan na'ura sau goma a daƙiƙa, za ka ga asarar da ta doshi kashi 90. Ka koma sau ɗaya, ta ɓace. Asarar da ke hawa da sauka tare da saurin tambayarka, alhali nauyin da ka ɗora wa layin bai taka kara ya karya ba, ba ta layi ba ce. Sannan ka gwada da irin kayan da ake ƙorafi a kansu: mtr -T -P 443 tana tambaya da TCP, -u kuma da UDP, ƙa'idar da ba ta sake tura abin da ya ɓace, domin katangar tsaro takan yi wa ICMP hukuncin da ba ta yi wa sauran.

Mataki na 4: Binciki kwamfutocin gwajin kansu

Idan gwajin na ɗora nauyi ne, misali iperf3 -u da gudu mai yawa, to wanda ya fi cancantar tuhuma shi ne mai karɓa. Fara da tantance ma'aunin: haɗa kwamfutocin biyu kai tsaye da kebul guda mai kyau, ka gudanar da gwajin da saiti iri ɗaya. In asara ta bayyana a nan, inda babu rauta babu suwici mai haɗa kwamfutocin wuri guda, to ka san daga ina take, kuma duk sakamakon da ka tara a baya da waɗannan na'urori sai an sake shi. Mutane suna ƙyashin minti goman da wannan ke ci, sannan su ɓata kwanaki suna neman laifin da babu shi.

Fakitin da ya iso kwamfuta yana ratsa rumbunan jira guda uku kafin manhaja ta gan shi, kowanne kuma yana iya cika ya zubar. Rubuta ƙidayar kowanne kafin gwaji da bayansa, domin bambancin ne ke da amfani, ba jimillar da ta taru tun ranar da aka kunna na'urar ba.

Na farko yana kan katin sadarwa. Umarnin ethtool -S da sunan katin zai zubo ƙidayoyi masu yawa, sunayensu suna bambanta daga direba zuwa direba, amma ka nemi masu kalmar missed ko drop ko no_buffer. In suna hawa, ethtool -g zai nuna girman rumbun yanzu da iyakar da katin zai iya, -G kuma zai faɗaɗa shi. Na biyu jerin gwanon kanel ne, wato zuciyar tsarin aikin kwamfutar. Ginshiƙi na biyu a fayil ɗin /proc/net/softnet_stat yana ƙirga abin da aka zubar saboda cikar wannan jeri, wanda net.core.netdev_max_backlog ke iyakance shi a fakiti 1000 in ba a sauya ba.

Na uku, wanda ya fi yawan zama sanadi, rumbun da aka ware wa manhajar ne. A yawancin tsarin Linux, net.core.rmem_max yana zuwa da bayit 212992. Layin gigabit yana kawo bayit miliyan 125 a daƙiƙa, ke nan rumbun zai cika cikin ƙasa da milisakan 2. In furosesa ta juya ga wani aiki na ɗan wannan lokaci, fakitoci sun zube, iperf3 kuma za ta rubuta su a matsayin asara kamar a hanya suka faɗi. Shaidar tana cikin netstat -su, a layin da ke cewa receive buffer errors, ko UdpRcvbufErrors a nstat. Kwatanta ƙarin da aka samu a wannan ƙidaya da yawan fakitocin da gwajin ya ce sun ɓace. In sun zo daidai, ko kusa da haka, bincike ya ƙare. Ɗaga rmem_max da sysctl zuwa megabayit da yawa, ka nemi babban rumbu da -w 4M, ka sake gwadawa.

Ka kuma sa ido kan furosesa, kowace cibiya ta cikinta ita kaɗai, domin matsakaicin duka yana iya nuna kashi 15 alhali cibiya ɗaya ta ƙure. Kafin fitowar sigarta ta 3.16 a ƙarshen 2023, iperf3 tana gudanar da dukkan rafukan gwaji a zare guda, wato a kan cibiya ɗaya, don haka ƙara rafuka da -P ba ya raba nauyin. Kwamfutar da aka ƙirƙira cikin wata kwamfuta ta fi fuskantar wannan, tunda uwar gidanta tana iya ƙwace furosesa a kowane lokaci. Ginshiƙin st a umarnin top yana nuna hakan.

Mai turawa ma ba a wanke shi ba. Manhaja tana ƙirga fakiti a matsayin turarre da zarar ta miƙa shi ga kanel, ko da jerin fita ya cika an zubar da shi a cikin gida. Duba tc -s qdisc. Kuma a rahoton iperf3, layin mai karɓa ne ke ɗauke da adadin asara na gaskiya.

Mataki na 5: Duba ko gwajin ne ke haddasa asarar

Gudun da kake bai wa iperf3 da zaɓin -b na kayan cikin fakiti ne kawai. A kan Ethernet, bayit 1472 na kaya yana cin gurbin bayit 1538 a waya idan an haɗa bayanan kai na UDP da IP da firam da tazarar da ke tsakanin firam. Iyakar abin da layin gigabit zai ɗauka ke nan wajen megabit 957. Wanda ya tura 1000M daga katin gigabit 10 ta cikin layin gigabit 1 zai ga asarar kusan kashi 4, kuma layin bai yi laifin komai ba. A ɗaya gefen, in ba ka sa -b ba, iperf3 tana tura UDP a megabit 1 ne kacal, wanda ba zai tono matsalar cunkoso ba.

Ko matsakaicin gudu bai kai iyaka ba, turawa a dunƙule tana iya cika ƙaramin rumbun suwici. Kati mai sauri yana fesa tarin fakitoci cikin ƙiftawa sannan ya huta, matsakaici ya nuna megabit 500, amma a cikin wannan ƙiftawar gudun gigabit 10 ne. Haka abin yake in kamfanin layi yana amfani da mai ƙayyade gudu irin wanda ke yanke duk abin da ya haura nan take, maimakon irin wanda ke jinkirtawa. Daidaita tazarar fita da --fq-rate ko --pacing-timer, sannan ka hau da gudu daki-daki: kashi 10 na ƙarfin layi, 25, 50, 75, 90. Asarar da ke nan daram a kowane mataki tana nuni ga lalacewar kebul ko fitilar faiba. Wadda ba ta bayyana sai an haura wani gudu tana nuni ga cunkoso, ko ƙayyadewa, ko gazawar na'urar gwaji.

Sauya girman fakiti ma yana da abin faɗa. Gurɓacewar sigina ta fi kama manyan fakitoci, kuma za ka ga ƙidayar CRC, wato ta firam ɗin da suka iso a gurɓace, tana hawa a kafar suwici. Gazawar furosesa ta fi bayyana da ƙanana, domin layin gigabit yana ɗaukar firam 1,488,095 a daƙiƙa masu bayit 64, amma 81,274 ne kawai masu bayit 1518. In kuwa manya ne kaɗai ke ɓacewa gaba ɗaya, duba MTU, wato iyakar girman fakitin da layi ke ɗauka: ping -M do -s 1472 a Linux, ko ping -f -l 1472 a Windows, ka riƙa ragewa har ya wuce. Fakitin da aka gutsuttsura, gutsure ɗaya ya faɗi, duka ya tafi, sai kason asara ya kumbura.

Gwajin RFC 2544 na 1999, wanda ke cika layi har ƙurewa, an tsara shi ne don ɗakin gwaji, har RFC 6815 ta fito a 2012 tana gargaɗin kada a yi shi a layin da jama'a ke amfani da shi.

Mataki na 6: Tabbatar hanya ɗaya kuke bi da masu ƙorafi

Inda akwai layuka da yawa masu tafiya wuri guda, rauta tana zaɓar wa kowane rafi layinsa bisa adireshi da lambobin ƙofa. In layi ɗaya cikin huɗu ya lalace, gwajinka yana iya faɗawa kan mai lafiya ya ce sifili, gobe ya faɗa kan marar lafiyar. Sakamakon da ke sauyawa tsakanin gwaji da gwaji ba tare da dalili ba yakan fito daga nan. Gudanar da rafuka da yawa, ko ka riƙa sauya ƙofar fita da --cport kana rubuta sakamakon kowacce. Haka nan alamar fifiko: fakitin murya mai DSCP 46 yana bin jerin gwano dabam da fakitin gwaji marar alama, don haka ka sa wa gwajin alamar kayan da kake bincike a kansu.

Kada ka auna layin waje ta Wi-Fi. Rediyon yana sake tura abin da ya faɗi a ɓoye, sai asara ta rikiɗe ta zama jinkiri, kuma laluben tashoshi da yanayin tanadin batir suna kawo tasu asarar. Ginshiƙin Retr, mai ƙirga sake turawa a gwajin TCP na iperf3, shi ma ba ma'aunin asara ba ne kai tsaye, domin TCP da kansa yake ƙara gudu har sai wani abu ya zube, wani lokaci kuma yakan sake tura abin da jinkiri kawai ya yi.

Mataki na 7: Kama fakitoci a ɓangarori biyu ka daidaita lissafi

In har yanzu da shakka, gudanar da tcpdump, manhajar kama fakitoci, a wajen mai turawa da wajen mai karɓa lokaci guda, da -s 96 domin a ɗauki kan fakiti kawai, da -B don faɗaɗa rumbu, da -w don rubutawa cikin fayil. Idan ka tsayar da shi, karanta layin da ke cewa dropped by kernel. In ba sifili ba ne, kamun kansa yana da giɓi, ba a kafa hujja da shi. Kafar madubi ta suwici, wadda ke kwafo kayan wata kafa domin kamu, ita ma tana zubarwa, tunda kayan shiga da na fita na layin gigabit suna iya kaiwa gigabit 2, ita kuwa 1 take fitarwa. Saƙon Wireshark, manhajar karanta kamu, mai cewa ba a kama yankin da ya gabata ba yana faɗin abin da kamun bai gani ba ne kawai. In ɗaya ɓangaren ya amsa cewa ya karɓi wannan yanki, to ya isa. Kashe saitunan TSO da GSO da GRO na katin sadarwa da ethtool -K kafin kamu, domin suna haɗe fakitoci su sa ƙidayar ɓangarorin biyu ta saɓa.

Yanzu jera lambobin jeri na fayilolin biyu. Wanda ba ya cikin kamun mai turawa, bai fita ba. Wanda ke cikin duka biyun amma manhaja ta ce ya ɓace, mai karɓa ne ya zubar da shi. Wanda ya fita bai iso ba, shi ne asarar hanya, kuma sai a nan ne za ka bi na'urorin tsakiya ɗaya bayan ɗaya, kana duba ƙidayar zubarwa a kafar fita da ta CRC a kafar shiga, kana matso da wurin kamu har ka ware zangon da adadin ya ragu. Lura da lokutan da giɓin ke aukuwa: wanda ke dawowa a tazara tsayayya yakan bi wani aiki da na'ura ke maimaitawa, giɓi guda mai tsawon daƙiƙu kuma yakan dace da sauyin hanya, wanda rajistar rautar za ta tabbatar. Rahoton da za ka miƙa wa kamfanin layi ya ƙunshi adireshin ɓangarorin biyu, da sa'a da yankin lokaci, da nau'i da girman fakiti, da gudu, da wa'adin jira, da yawan da aka tura da wanda ya iso ta kowace fuska, da mtr daga ɓangarorin biyu, tare da ƙidayar kwamfutocinka kafin gwaji da bayansa.